Farautar Barewa da Surukina

A ƙauyenmu na kusa da Kamlin babu daji. Na buɗe ido na ga ƙasa a shimfiɗe kamar tabarma, an yayyanka ta da tur'a, magudanan da ke kawo mana ruwa daga Makwar, auduga a wannan gefe, dawa a wancan. Duk inda ka tsaya kana hango mutum tun yana ɗan tsito har ya iso ya yi maka sallama. Abin da muke kira farauta shi ne a tashi zomo daga cikin kara a bi shi da sanduna da ihu. Barewa kuwa sai a bakin tsofaffi, waɗanda ke cewa sun tarar da ita tana kiwo a daidai inda aka yanka wa mahaifina hawasha, gonar da muke noma wa hukuma auduga. Har na yi gemu, na gaji hawashar, na yi aure, ban taɓa ganin barewa da rai ba.

Matata 'yar kudu ce, daga wani ƙauyen Hausawa a gefen kogi kusa da Rusairis. Da cikinta na fari ya tsufa, iyayenta suka aiko aka tafi da ita goyon ciki. Wani mai lori ne ya kawo mana labari cewa ta sauka lafiya, an sami mace. Lokacin darat ne, kamar yadda muke kiran kaka a bakin Larabawa. Mun gama yankan dawa, auduga kuma ba ta isa tsinka ba. Na bar wa ƙanena ban-ruwa, na hau lori zuwa Makwar, daga nan na sake hawa wata muka nausa kudu. Tun da muka wuce Sinja na fara ganin abin da ban saba gani ba: itatuwa da ba wanda ya dasa su, ciyawa ta fi mutum tsawo ta bushe ta yi ruwan zinariya, da kukoki masu kauri tsaye su kaɗai. An yi suna, an yanka rago, 'yan rakiyata suka koma, ni kuma na ce zan ɗan ƙara kwana biyu.

Surukina dogon tsoho ne marar jiki, baƙi, mai ƙananan idanu. Manomi ne na riɗi da dawa, amma a ƙauyen an fi saninsa da farauta. Tsakanina da shi akwai kunya irin wadda aka san ta. Da safe nakan je ƙofar rumfarsa in cire takalmi in durƙusa daga nesa in gaishe shi, ya amsa yana duban wani wuri, in tashi. Ba mu taɓa cin abinci kwano ɗaya ba, ban taɓa shan ruwa yana kallo ba. In na hango shi a hanya sai in ratse. Shi ma ba ya kiran sunana. In zai yi maganata sai ya ce mutumen Jazira, wato sunan yankinmu. Duk kalmomin da muka yi musaya tun aurena, in ka cire gaisuwa, ba za su cika tafin hannu ba.

Shi ya sa na ɗauka ban ji daidai ba ranar da matata ta ce mini Baba yana so in raka shi daji. Ta ce al'adarsa ce, duk 'yar da ta haihu a gidansa sai ta sha romon barewa kafin ta gama wanka. Yayyenta duka sun sha. Da can 'ya'yansa maza ne ke raka shi, to a shekarar duk sun tafi aikin madatsar ruwan da ake ginawa a Rusairis, kuma ba a ba su hutu. Yana bukatar wanda zai ja jaki ya ɗauko nama. Ya gaya wa surukata, surukata ta gaya mata, ita kuma ta gaya mini. Na ce mata ban san komai a kan daji ba. Ta ce ai ya sani, ba harbi aka ce in yi ba.

Abu na farko da ya faru shi ne aka raba ni da tufafina. Na zo da farar jallabiya da rawani, kuma ɗakin mai jego ya cika su da ƙamshin turaren wuta. Surukata ta kawo mini wata tsohuwar taguwa da wando na babban ɗanta, waɗanda aka rina da bagaruwa har suka koma launin ƙasa, ta ce Baba ya ce a turara su da hayaƙin ciyawa, kuma kada in yi wanka da sabulu, kada in shiga ɗakin ɗiyarsa da safen tafiya. Barewa, in ji shi, tana iya yafe wa idonta, ta ga abu ta yi shakka, amma ba ta shakkar hancinta.

Muka fita bayan sallar asuba, shi a gaba da bindigarsa mai cin harsashi ɗaya, ni a baya da jaki da salkar ruwa. Da muka bar gonaki na ji yana magana ƙasa-ƙasa. Bai waiwayo ba, bai rage tafiya ba, sai ka ce da itatuwa yake yi. Na jima kafin in gane cewa da ni yake, kuma wannan ce hanyar da ya samu ta koya mini abu ba tare da mun haɗa ido ba. Ni ma sai na riƙa amsawa da ɗan gyaran murya.

Ya ce a wannan lokaci na shekara, mafarauci da raɓa yake aiki. Ciyawa ta bushe, in rana ta ɗaga kowane taku sai ta yi kuka, amma da sassafe tana da laushi, tana kwanciya shiru. Ya ce iska ta riga ta juya, ta bar kudu ta koma arewa, saboda haka duk hanyoyin da ya bi da damina yanzu sai ya bi su ta baya. Yana da ɗan ƙunshin toka a aljihu. Jefi-jefi yakan tsaya ya ɗibi kaɗan ya saki, ya ga inda ta nufa, mu gyara tafiya yadda iskar za ta riƙa dukan fuskarmu. Na zaci bakin ruwa za mu je mu yi kwanto, tunda tafkuna sun fara ƙafewa. Ya ce wannan dabarar farautar mazo ce da kwanta-rafi. Barewa ba ta damu da ruwa haka ba, raɓa da ɗanyen ganye sun ishe ta. Inda za a same ta yanzu wuri uku ne: gefen gonakin riɗi da wake da aka girbe, ƙarƙashin aduwa inda 'ya'ya ke zuba, da kuma inda makiyaya suka sa wuta ciyawa ta fara sabon toho.

Ƙasar wurin baƙar laka ce. Da ruwa ya ɗauke sai ta tsattsage, wani tsagun hannu na shiga har kafaɗa, ga ciyawa ta kwanta ta rufe shi. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe sawu. Sai ya nuna mini da bakin bindiga abin da ake dubawa a madadin sawu: kashinta, ƙanana kamar 'ya'yan kanya, in ya yi sheƙi na daren jiya ne, kan ganyen wake da aka tsinke, wurin da ciyawa ta lotsa kamar an ajiye ƙwarya. Ya ce kada in nemi barewa sukutum, ba zan gan ta ba. In nemi kunne guda yana motsi, ko fari-farin cikinta a tsakanin kara, ko wani miƙaƙƙen layi a kwance a inda komai yake tsaye.

Ran nan ba mu ga komai ba sai zabi da wani gyado da ya tsere da wutsiya a sama. Muka dawo da rana tsaka, ƙafafuna sun yi ƙaya, idona yana zafi saboda dubawa. Bai nuna damuwa ba. A ƙofar gida ya shige rumfarsa, ni na wuce masaukina, kamar ba tare muka yini ba.

A fita ta gaba na ga barewa. Mun ɗaure jaki a gindin wata tsamiya, muka shiga wani fili da wuta ta ci, baƙi ƙirin da ɗigo-ɗigon kore. Ya durƙusa, ni ma na durƙusa. Na bi inda yake kallo ban ga komai ba, sai da ɗaya ta ɗaga kai. Su uku ne. Ban san me na zata ba, amma ban zaci za su yi ƙanƙanta haka ba, da siraran ƙafafu kamar za a karya da yatsa, ja-ja-ja, da baƙin zane a haƙarƙari.  Na jira in ji ƙarar bindiga. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ja da baya a hankali, muka bar wurin.

Sai da muka koma wajen jaki ya ce duka mata ne, biyu da ciki, ɗayar kuma hantsarta a cike, ta ɓoye ɗa a cikin ciyawa. Ya ce ba ya kai wa mai jego naman mai jego. Kishimi yake nema, wato namiji, wanda ake ganewa da kaurin ƙaho da kaurin wuya, kuma yawanci yana kiwo shi kaɗai ɗan nesa da su. Gaskiya a raina na ji haushi. Ina tunanin hawashata, ina tunanin ko ƙanena yana buɗe ruwa a kan lokaci, ga nama a gabanmu an bar shi. Na kwance jaki na bi bayansa.

Ranar da abin ya faru mun yi nisa fiye da kullum. Muka bar jaki a gindin wata aduwa a bakin wani busasshen rafi mai zurfin gaɓa, muka sauka muka haura, muka shiga wani faffadan fili na baƙar laka. Gari ya waye sosai amma raɓa ba ta tashi ba. Wannan karon ni na fara ganin kishimin, ko kuwa Baba ya bar ni in fara gani, har yau ban sani ba. Yana tsaye a gefen wata tsohuwar gonar riɗi, kansa a ƙasa. Baba ya yi mini alama da hannu in kwanta, ya cire takalmansa, ya fara rarrafe.

Ya taɓa gaya mini yadda ake yi, amma gani daban ne. Yana matsawa ne kawai in kan dabbar yana ƙasa. Kafin ta ɗaga kai takan kaɗa wutsiya, to da ya ga haka sai ya daskare a yadda yake, ko da hannu ɗaya a sama. Tsoho mai jikoki ya koma kamar kututture. Kishimin ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya karkaɗa kunne, ya mai da kai, kututturen ya ci gaba da tafiya. Na ga ya kai wani ɗan ƙaya, ya ɗora bindiga a gwiwa. Na ga leɓensa ya motsa da bisimilla. Daidai lokacin wata kurciya ta tashi fir daga ƙayar, kishimin ya zabura, bindiga ta tashi.

Ya yi tsalle ya faɗi, ya miƙe, ya ruga cikin ciyawa yana jan ƙafar baya. Na tashi zan bi shi da gudu, Baba ya ɗaga hannu. Da na iso ya ce in zauna. Ya ce harbin bai yi kyau ba, ya same shi a baya maimakon kafaɗa. In aka kore shi yanzu tsoro zai ɗauke shi har inda ba za mu same shi ba, amma in aka ƙyale shi zai nemi inuwa mafi kusa ya kwanta, ciwon ya riƙe shi. Muka zauna. Ya sa wani harsashin, fuskarsa a murtuke. Ba da ni yake fushi ba, da kansa ne.

Ina jin wannan fushin ne ya sa da muka tashi ya yi sauri fiye da yadda ya saba. Idonsa yana kan jini a jikin ciyawa, ba ya kan ƙasa. Ban ga faɗuwarsa sosai ba. Na dai ji wani ƙas, kamar an taka busasshen kara, sai na gan shi a kwance a gefe, ƙafarsa ta hagu ta shige tsagu har ƙwauri. Bai yi ƙara ba. Ya ce innalillahi a hankali, gumi ya karyo masa.

Na manta da kunya. Na kama shi ta ƙarƙashin hammata, na tona gefen tsagun da wuƙa, na zare ƙafar. Ta karye a saman idon sawu, ta karkace, amma ƙashi bai fito ba. Da umarninsa na saro rassa biyu na ɗaure ta da igiyar da muka kawo don nama, na ja shi zuwa inuwar wata farar ƙaya. Na ce masa bari in goya shi zuwa wajen jaki mu koma gida.

A karo na farko tun da na san shi ya dube ni ido cikin ido.

"Akwai wanda ya fi ni ciwo a cikin ciyawar can, kuma ni na sa mashi," ya ce. "Tahi ka gama da shi tukuna."

Na ce, "Baba, ba zan bar ka nan kai kaɗai ba."

"Ina da bindiga, ina da ruwa, ina da inuwa. Shi ba shi da ko ɗaya. In ka kai ni gida, sai gobe a dawo, kura ta cinye shi da rai. Ba ni son in kwana da wannan."

Na tsaya a kansa ban san abin yi ba. Ga mahaifin matata a ƙasa, leɓensa ya yi fari, ƙafa tana kumbura ina gani. Ga kuma maganarsa, wadda ban taɓa tsallakewa ba. Na yi tunanin abin da zan gaya wa 'yarsa in na dawo na tarar wani abu ya same shi. Na kuma san in na ɗauke shi da ƙarfi zai bi ni, don ba shi da yadda zai yi, amma zan zama na maishe shi kaya. Na ajiye masa salka a gefe, na ɗauki wuƙa. Ya ce in riƙa karya kan ciyawa ina tafiya don in gane hanyar dawowa, in jini ya ɓace kada in ci gaba, in koma inda na gan shi na ƙarshe in kewaya.

Ban taɓa zama ni kaɗai a daji ba sai ran nan. Raɓa ta tashi, ciyawa tana ƙara a kowane taku, rana ta fara cizo. Jinin da farko a bayyane yake, shafe a jikin kara daidai gwiwata, daga baya ya koma ɗigo nan, ɗigo can, ya bushe ya yi baƙi. Sau da yawa na rasa shi, in koma baya in yi ta kewaya a sunkuye kamar mai neman allura. Wani lokaci ƙudaje ne suka nuna mini. Ina tafe ina sauraron bayana ko zan ji ƙarar bindiga. Akwai inda na tsaya na ce a raina ya isa haka, in koma in ce masa ban gani ba. Abin da ya hana ni shi ne na san zai tambaye ni inda jinin ya ƙare, kuma ba zan iya yi masa ƙarya yana kallona ba.

Na sami kishimin a ƙarƙashin wata magarya mai rassa har ƙasa. Kunnen na fara gani. Na kewaya ta inda iska ba za ta kai masa warina ba, na matso a hankali. Ya gan ni, ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafafun baya suka ƙi. Na sha yanka rago da akuya, amma su a ɗaure ake kawo su, sun saba da hannun mutum. Wannan bai taɓa jin hannu a jikinsa ba sai nawa. Na kama ƙahon, na danne kafaɗar da gwiwa, jikinsa zafi kamar mai zazzaɓi, yana ta huci. Na fuskantar da shi alƙibla gwargwadon yadda na iya ganewa, na yi bisimilla. Da ya daina motsi na zauna a ƙasa na ɗan jima. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji baƙin ciki ba. Na ji dai kamar an sauke wa mutum biyu nauyi.

Na saɓo shi a wuya na bi karyayyun ciyayina. Na tarar da Baba inda na bar shi, ya jingina da itacen, bindiga a cinya, inuwa ta gusa ta bar ƙafarsa a rana. Ya dubi kishimin, ya dubi inda na yanka, ya ce, "Madalla." 

Jaki ba zai iya haura gaɓar rafin ba, kuma Baba ya ce ko ya haura, ƙasar da ta karya mutum za ta karya jaki. Na rataye naman a reshe, na durƙusa a gabansa na ba shi baya. Ya ɗan yi jim kafin ya sa hannu a kafaɗata. Ba shi da nauyi ko kaɗan, ƙashi ne da jijiya, yana warin hayaƙi da taba. Ina tafiya ina duba kowane taku, shi kuma yana gaya mini daidai kunnena in bi dama, in bi hagu. A gangaren rafin na zame, ƙafarsa ta bugi ƙasa, na ji ya cije haƙora a bayana. Na ba shi haƙuri, ya ce in dubi gabana. Na sauke shi a gindin aduwa, na koma na ɗauko naman.

Ya ce ba za a kai kishimin gida da kayan ciki ba a wannan zafi. Yana zaune yana gaya mini, na farke cikin, na zubar da abin zubarwa, na cusa ɗanyen ganye. Muka yi taimama muka yi azahar, shi a zaune. Sannan ya ce in hura wuta in gasa hantar, don tun asuba ba wanda ya sa komai a baki, kuma hanta rabon wanda ya wahala ne. Da ta gasu ya yanka ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu, na juya masa baya zan ci.

"Mutumen Jazira," ya ce, "bayan nan na gan shi yau har na gaji. Juyo mu ci."

Na juyo. Muka ci da ɗan gishirin da ke aljihunsa. Daga nan ya tambaye ni yadda ake raba ruwa a hawasha, wa ke buɗewa, wa ke rufewa, me ake yi in na sama ya hana na ƙasa. Na yi ta ba shi labari, yana saurare da gaske, ko da yake na ga ciwon yana cin sa. Ya ce shi bai taɓa gane yadda mutum zai yi noma ruwansa yana hannun wani mutum ba. Na ce mu ma muna mamakin masu jiran sama.

Mun shiga gari gab da magariba, shi a kan jaki, ni da nama a wuya ina jan akala. Aka kira maɗori ya ɗora ƙafar. Surukata ta yi mini sannu, ta sa aka kai mini ruwan zafi. Matata ce ta yi magana. Da ta ji cewa na bar mahaifinta da karyayyar ƙafa na tafi neman dabba, sai ta ajiye jaririyar ta dube ni. Ta ce da zaki ne fa, da maciji ne fa, da suma ya yi fa. Na ce shi ya umarce ni. Ta ce ta san halin mahaifinta, ai shi ya sa ake haɗa shi da mai hankali. Romon da aka kawo mata ta ƙi sha, sai da uwarta ta zauna a kanta ta ce tsohon yana tambaya ko ta sha, sannan ta sha tana hawaye.

Na daɗe ina juya maganarta. Ba ta yi kuskure ba. Maɗorin ma ya ce da an kawo shi kafin ƙafar ta kumbura haka da ɗorin ya fi zama daidai. Ta warke, amma ta gajarta, kuma bai sake yin farautar nesa ba. Wani lokaci ina ganin da na goya shi tun farko, da ya ƙara wasu shekaru yana shiga dajinsa. Wani lokaci kuma ina tuna yadda ya dube ni a gindin farar ƙayar, in ga cewa ba abin da zan iya yi sai abin da na yi. Shi bai taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne da gari ya waye kunya ta koma mazauninta. Na je ƙofar rumfarsa na cire takalmi na durƙusa daga nesa, ya amsa yana duban bango. Ba mu sake cin abinci tare ba har ya bar duniya. Sai dai matata ta gaya mini cewa in baƙi suka zo duba shi yakan ce mutumen Jazira yana da ido, da a daji aka haife shi da an yi mafarauci. Ni ban sake farauta ba. Bayan wasu shekaru ruwan madatsa ya hau wani sashe na wannan daji, taraktoci suka share sauran aka shuka dawa har iyakar gani, 'ya'yansa kuma suka ce sai a yi tafiya mai nisa kafin a ga ko kashin barewa.

Da lokacin yaye ya yi, muka kai yarinyar wajen kakanninta kamar yadda ake yi. Ta yi wata da watanni a can, kuma surukata ta ce ba ta rabuwa da tsohon. Shi yana kiranta matarsa, ita tana bin sa daga rumfa zuwa masallaci, daga masallaci zuwa bakin kogi. Ranar da aka dawo mana da ita, aka sauke ta daga lori, sai muka ga tana tafiya tana ɗingisa ƙafar hagu, hannu ɗaya a baya. Uwarta ta ruɗe, ta ɗauke ta tana latsa gwiwa da idon sawu, tana tambayar wanda ya kawo ta ko faɗuwa ta yi. Ya yi dariya ya ce lafiyarta ƙalau, duk ƙauyen sun san ta da haka, tafiyar kakanta ce ta koya. Sai da ta yi kusan damina guda tana wasa da yaran unguwa a bakin tur'a kafin tafiyarta ta miƙe.